Na Karɓa da Sunan Rahila

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci Ista, a shekarar da aka yi wa majami'armu rufin kwano, na fara zama a bencin yaran wasiƙa. Mu goma sha biyu ne a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a, inda ake ajiye ganguna da tulunan kiɗan matan zumunta, kowa da fensir da takarda mai layi a kan cinya. An yi yayyafi da safe, ƙasa sai ƙamshi take yi, ta taga kuma ina hango awakin Fasto suna yi wa sabon tsiro aski. Malam Dogara, mai koya mana Turanci a firamare, wanda kuma sha'anin wasiƙun yake hannunsa, ya jingina allo da bango ya rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: receive. Ya juyo yana kakkaɓe alli daga hannunsa ya ce, "Wannan kalma, ku riƙe shi da kyau. Ma'anansa karɓa. Amma ba irin karɓan da kuke yi wa mangoron Fasto ba." Yara suka tuntsire da dariya. Ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Sai wani ya ɗauki abu, ya sa sunanka a ransa, ya miƙo, ya iso hannunka. Abin da ka tsinta a hanya, ba shi ba ne. Abin da ka saya ma ba shi ba ne." Ya ce ana yi wa wasiƙa, ana yi wa kyauta, ana yi wa baƙo a ƙofar gida, har albarka ma ana yi mata. Daga nan ya rubuta jimlar da kowa zai kwafa, I received your gift with thanks, wato na karɓi kyautarki da godiya, ya ce kowa ya sa sunansa a ƙasa. Na kwafa a hankali, harshe a waje, na zo ƙasa na fara zana harafin farko na sunana, Talatu. Ban ankara ba sai ga babban yatsansa a kan takardar, ya murje harafin har wurin ya yi baƙi. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Rahila." Na rubuta Rahila.

Rahila yayata ce, shekara ɗaya da 'yan watanni ta ba ni, kuma a ranar tana da wata huɗu a kabari. Yaran wasiƙa kuwa su ne yaran da wata ƙungiya mai ofis a Kaduna ta haɗa da masu taimako a ƙasar Turawa. Kowane yaro da mutuminsa, wanda yake ɗauke da karatunsa: yunifom, littattafai, sabulu, da takalmi lokacin Kirsimeti. Abin da ake nema daga yaron kawai shi ne wasiƙar godiya sau huɗu a shekara da hoto sau ɗaya. A gidanmu Rahila ce ta dace. Tata mai taimakon wata tsohuwa ce mai farin gashi, wadda sunanta ya gagari bakin kowa, don haka muke ce mata Mama Baturiya. Ni kuwa ina gama aji biyu aka zaunar da ni, domin Baba bai iya ɗaukar karatuna ba, ga shi an haifi ƙanena Yohanna ana neman mai goyo.

In faɗi gaskiya, zaman gidan bai dame ni ba. Ƙauyenmu yana can gefen Fadan Kaje, kuma duk shekararmu a kan citta take juyawa. Da farkon damina mu yara ne masu ɗebo ganye da ciyawa a rufe gonar bayan shuka, mu dawo jiki duk ƙaiƙayi. In kaka ta yi aka haƙe ta, sai a zube ta tsibi a tsakar gida, mata su zauna da ƙananan wuƙaƙe suna tsagawa, mu kuma muna kaiwa kan dutse muna shanyawa, muna gadin kada awaki su tattake. Hannunka zai yi ta zafi har kwana uku, in ka manta ka sosa ido kuwa ka shiga uku. Ni ce sarkin hawan bishiya a unguwarmu, da Yohanna a bayana ma na sha hawa gwaiba, na sha duka a kan haka ban daina ba. Ni ce mai baki, mai tsokana, mai cinye kowa a carafke. Rahila kuwa shiru-shiru ce, mai tsabta har ta ba ka haushi, ga murya. In tana surfen acca tana waƙa, matan maƙwabta sukan rage hira su saurara. Mutane suna cewa muna kama kamar an tsaga kara, amma kamar a fuska kawai ta tsaya.

Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke ta, ana tsakiyar tsagar citta. Aka binne ta a bayan gida kusa da Kaka, aka jera duwatsu a kai. Bayan sabuwar shekara sai na ga Baba da wansa, wanda dattijo ne a ikilisiya, da Malam Dogara sun zauna a gindin mangoro sun haɗa kai, suna magana ƙasa-ƙasa suna waiwayena. Daga baya na fahimci zancen. Dokar ƙungiyar ita ce, in yaro ya rasu a rufe katinsa, gurbin kuma ya koma wani gari inda ake jira. Ba a gādon kati. Su kuwa a ganinsu, ga yarinya zaune ba karatu, ga fuska iri ɗaya, ga tsohuwar da ba za ta taɓa tako ƙasar nan ba. Ina laifin a yi shiru? Babu wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni da na ce e, domin idona a kan yunifom ɗin yake. Mama ce ta ɗauko shi daga akwati, ta rage masa tsawo da allura. Da na saka, ta dube ni sau ɗaya ta shige madafa.

Ashe zama Rahila aiki ne, ya fi gadin shanya wuya. Malam yana da kwafin duk wasiƙun da ta taɓa rubutawa a cikin wani tsohon gwangwanin biskit, ya zaunar da ni ya karanta mini su kamar karatun jarrabawa. A ciki Rahila ta gaya wa Mama Baturiya cewa tana son launin ruwan ɗorawa, tana cikin ƙungiyar mawaƙa ta yara, kuma in ta girma nas za ta zama. Shi ke nan, an yanke mini rayuwa. Ni da na tsani ruwan ɗorawa, sai ga ribom ruwan ɗorawa, safa ruwan ɗorawa, har jakar makaranta. Ni da in na buɗe baki da waƙa kaji ke watsewa, aka tura ni cikin mawaƙa, mai koyarwar ya roƙe ni don girman Allah in riƙa motsa baki kawai. Ni da ganin jini ke juya mini ciki, duk wata uku sai na rubuta cewa ina nan kan burina na aikin asibiti. Mafi muni shi ne hoto. Rahila tana da wushirya, ni ba ni da ita, saboda haka in mai hoto ya zo daga Kafanchan da akwatinsa a wuya, sauran yara ana ce musu su yi dariya, ni kuma Malam yana bayansa ya ɗora yatsa a leɓe. Shekara biyu a jere tsohuwar tana tambaya a wasiƙa me ya sa na daina murmushi, ko wani abu yana damuna. Malam ya tsara mini amsa cewa na girma ne, 'yan matan ƙasarmu kuma suna da kunya.

Ranar rabon kaya tana da nata tsari. A shimfiɗa tabarma a gaban majami'a, iyaye su zauna a inuwa, a ɗora ƙunshin kowa a kan tebur da sunansa a jiki. In an kira ka, ka fito ka durƙusa, ka miƙa hannu biyu, ka tsaya a haka da kayan a tafinka har mai hoto ya gama, don a aika wa mai bayarwa shaidar cewa abin ya iso. Kowa ya san ko ni wace ce, tun daga Fasto har tsohuwar da ke sharar majami'a, amma in an ce "Rahila" na miƙe, babu mai ko ƙifta ido. Sai tafi. A wannan durƙuson ne maganar Malam take dawo mini. Ai shi da bakinsa ya ce sai mai bayarwa ya sa sunanka a ransa. Tsohuwar nan da ta shiga kanti ta zaɓi ribom, ba ni ce a ranta ba. To ni me nake yi ke nan? Ban tsinta ba, ban saya ba, ba kuma ni aka ba wa ba. Kalma ɗaya ce ta rage, kuma an koya mana ita a makarantar Lahadi cikin dokoki goma: sata. Akwai lokacin da aka ba mu labarin wasu mata da miji da suka yi ƙarya a gaban ikilisiya suka faɗi matattu nan take. Daga ranar, duk sanda na durƙusa a tabarmar nan sai in riƙa jiran tawa faɗuwar.

Da fari a makaranta kawai nake Rahila, in na dawo gida in tuɓe ta tare da yunifom. Sai wata rana wata mata ta zo daga ofishin Kaduna ba sanarwa, tana bi gida-gida da littafi, saura kaɗan Yohanna, da bai fi shekara uku ba, ya tona mu. Tana fita Baba ya tara gidan ya ce, "Daga yau ba Talatu a gidan nan. Wanda ya kira shi, ni da shi ne." Haka aka yi. Ƙannena suka saba nan da nan, maƙwabta ma haka. Alhaji Sani mai sayen citta, wanda tun kakansa suke ciniki da gidanmu, shi ya fi daɗewa yana mantuwa, in ya ce "Ina Talatu sarkin surutu?" sai Baba ya yi tari, shi kuma ya shafa gemu ya gyara. Mama ce kaɗai ba ta bi doka ba, ba ta kuma karya ta ba. Ba ta iya ce mini Talatu saboda Baba, ba ta iya ce mini Rahila saboda abin da ke kwance a bayan gida. Sai ta daina kirana da suna gaba ɗaya. "Ke, zo." "Ke, duba wuta." In ina nesa sai ta aiki yaro, ko ta tafa hannu. Na yi rashin ji iri-iri da gangan don in ga ko cikin fushi sunan zai kuɓuce mata, har tulu na taɓa saki ya fashe a gabanta. Ta dubi ruwan yana bin ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Ke dai." Wannan ya fi mini duka ciwo. Kowace shekara kuma katin murnar ranar haihuwar Rahila yana zuwa da hoton furanni, Baba ya sa in karanta a fassara, Mama ta tuna tana da aiki a rumbu.

Ina aji biyar na ce na gaji. A lokacin Turancina ya ɗan yi ƙwari, kuma Malam ya fara barinmu mu ƙara layi biyu na kanmu bayan jimlar godiya. Na cika layukana da abin da na daɗe ina haddacewa a hanyar rafi: cewa Rahila ta mutu tun shekara biyu da suka wuce, ni ƙanwarta ce, sunana Talatu, ba na waƙa, ina son hawan bishiya, kuma ta yi haƙuri. Na ninke na cusa a tsakiyar na sauran, kamar ban san duk wasiƙa sai ta bi ta idonsa ba. Washegari bayan an tashi sujadar Lahadi ya ce in tsaya. Na shirya wa bulala, har na saka siket biyu. Bai ko ɗaga murya ba. Ya zaunar da ni a bencin nan, ya ajiye takardar a tsakaninmu, ya ce Turancin ya yi kyau, kuskure biyu kawai ya gani. Sannan ya ce in wannan ta isa Kaduna, ba katina kaɗai za a rufe ba, za a ce ikilisiyar nan maƙaryata ce a rufe duka sha biyun. Ya fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har da Ladi ƙawata wadda ubanta makaho ne, da Bulus da ke zuwa na ɗaya kullum. Ya ciro ambulan da kan sarki daga aljihu ya ɗora a kai, ya ce, "Ga shi. In kina so, ki kai gidan waya da hannunki, ba zan hana ki ba. Ni ma ba na barci da kyau a kan maganan nan." Ya fita ya bar ni da ganguna.

Na daɗe a zaune. Ina jin yara a waje suna 'yar gala-gala, ina jin muryar Ladi tana gardamar an taka layi. Da ya doke ni ya yaga takardar, da na sami wanda zan tsana, da na ji sauƙi. Amma ya bar mini ƙofa a buɗe, ya kuma san ba zan iya fita ba. Na yaga wasiƙar da kaina, na tauna gutsattsarin don kada wani ya tsinta, na ɗauki sabuwar takarda na rubuta cewa na karɓi kyautarta da godiya, kuma muna koyon sabuwar waƙa ta Kirsimeti. Tun daga ranar ban ƙara cewa an tilasta mini ba, domin hannuna ne ya rubuta.

Daga nan sunan ya yi ta bin takardu yana kafewa. Takardar gama firamare, Rahila. Sakandare a Kafanchan, Rahila. Ranar baftisma, muna tsaye a rafi cikin fararen kaya, Fasto ya ɗora hannu a kaina ya kira Rahila kafin ya nutsar da ni, na fito ina kuka, mata suna guɗa suna cewa Ruhu ne ya sauko. Ni kuwa lissafi nake yi irin na yara: in an buɗe littafin rai a ranar ƙarshe za a tarar da Rahila sau biyu, Talatu ko sau ɗaya babu. Ina ajin ƙarshe wasiƙar Mama Baturiya ta ƙarshe ta zo, rubutun yana rawa. Ta ce tsufa ya kama ta, za a kai ta gidan da ake kula da tsofaffi, ba za ta ƙara iya rubutu ba. Ta ce ita ma ta taɓa haihuwar 'ya mace ta rasu tana ƙarama, shi ya sa kowace safiya take kiran sunana a addu'a, tana gode wa Allah da ya raya mata wannan. Na amsa mata da jimlar da na saba, na sa sunan da na saba. Ban zama nas ba, wannan kam na ƙi. Malanta na karanta.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, yara suna ce mini Anti Rahila, mijina ma da sunan ya aure ni, ko da yake ya san labarin. Ƙungiyar ta daɗe da tattara kayanta, Malam Dogara da Baba duk sun rasu, babu sauran wanda za a rufe wa kati. Amma suna ya riga ya shiga katin ɗan ƙasa da takardar aiki da takardun haihuwar 'ya'yana, ta ina zan fara warwara? A majami'armu ta yanzu, in mai wa'azi ya ɗaga hannu yana raba albarka, jama'a kan miƙe su amsa da ƙarfi, "I receive!" Nakan miƙe tare da su, in motsa baki yadda aka koya mini a cikin mawaƙa.

Bara bayan girbi ƙannena suka ce a gyara kaburburan bayan gida, a yi musu siminti kamar yadda kowa yake yi yanzu. Muka taru a ƙauye. Birkila ya gama na Kaka da na Baba, ya rubuta sunayensu da ƙusa tun simintin yana ɗanye, ya zo kan ƙaramin ya tsuguna ya ce wane suna za a sa. Yohanna ya dube ni, na dubi ƙasa. Mama tana zaune a kujera 'yar tsugune da sandarta, tsufa ya fara taɓa mata tunani, amma ta ji tambayar. Ta ce, "Talatu ne. Rubuta Talatu." Yohanna ya ce, "Haba Mama, ga Talatu nan a tsaye." Ta ɗago ta ƙare mini kallo tun daga ɗankwali har takalmi, ta girgiza kai ta ce, "Wannan ai Rahila ne, mai zuwa makaranta. Talatu kam, mai surutun nan, ya daɗe ban ji muryansa a gidan nan ba." Birkila yana riƙe da ƙusa yana jirana, tunda ni ce mai ilimin gidan, siminti kuma yana shan iska. Na ce masa ya zana gicciye kawai.

A da ina ganin in na girma zan cire sunan in ninke shi in mayar akwati, kamar yadda ake yi wa kayan aro, in koma yarinyar da na bari a gindin gwaiba. Ban san ita ma ba jirana take yi ba. Yaran da nake koyarwa yanzu kowa da sunansa a bayan littafinsa, wasu har da na gayu sun ƙara, ba su san wani abu ne ba. Wani lokaci a kasuwar Kafanchan nakan ji wata mata ta ƙwala kira, "Talatu!" sai in tsaya cak da kwandona, in jira in ga mai amsawa. Kullum akwai ta, wata 'yar ƙarama mai ƙura a ƙafa, ta taho da gudu tana cewa na'am. Ni kuwa sai in gyara riƙon kwando in wuce.